Hular Baba Da Addu'ar Da Muka Yi A Bakin Shinge

Muna roƙon a ba mu aron wannan fili mu faɗi wani labari da muka daɗe muna riƙe da shi a ciki. Abin da ya sa muka ga lokacin faɗarsa ya yi kuwa shi ne, a 'yan shekarun nan iyaye da yawa suna zuwa wurinmu, mu malaman makaranta, suna neman shawara a kan tura 'ya'yansu karatu ƙasashen waje. Kowa ya tuna yadda hankalin iyaye ya tashi a watan Fabrairu na 2022 sa'ad da yaƙi ya rutsa da ɗaliban Gana a Yukiren, da kuma a watan Afrilu na 2023 da aka shiga harbe-harbe a Khartum, har aka fito da yaranmu ta ƙasar Habasha. To, mu ma mun taɓa zama irin waɗannan ɗalibai, sai dai namu ba a ƙetaren teku ba ne, a Jos ne ta Nijeriya. Masu magana sun ce gani ya kori ji.

Mu uku ne muka tafi. Dukanmu haihuwar zango ne, dukanmu Kirista ne, dukanmu kuma mun yi kwalejin horon malamai ta Wesley a nan Kumasi, muka koyar shekara huɗu kafin mu sami hutun ƙaro karatu a 2007. Kakan ɗayanmu daga ƙasar Zazzau ya zo, iyayen sauran biyun kuwa daga wajen Bawku da Bolga suka gangaro neman abinci, amma da Hausa muka buɗe baki, da ita uwayenmu suka yi mana faɗa, da ita kuma muke addu'a in mun kaɗaita. Wanda ya tashi a zango ya san tambayar da ake yi wa irinmu: "Kai Bahaushe ne, kuma kana zuwa coci?" Tonawa suna ɗaukarmu Musulmi saboda harshenmu, 'yan'uwanmu na zango suna mamakinmu saboda addininmu. Amma fa tambaya ce kawai. Ba ta taɓa hana a aiko mana da naman layya ba, ba ta kuma hana uwayenmu raba shinkafar Kirsimeti gida-gida ba. Mun yi wasa a bakin makarantar allo har muka haddace Fatiha ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, haka nan abokanmu Musulmi da suka yi makarantar mishan sun iya Addu'ar Ubangiji tun daga farko har amin. A lokacin ba wanda ya kawo a ransa cewa akwai garin da wannan hadda za ta zama batun rai da mutuwa.

Me ya kai mu Jos? Neman digiri a fannin koyarwa ne, amma akwai wani dalili da ya fi wannan ƙarfi a zukatanmu. Tun muna yara muke jin cewa a can da Hausa ake sujada, da Hausa ake wa'azi, Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka fara bugawa cikakke a 1932 yana hannun kowace tsohuwa. A can hedikwatar ikilisiyoyin ECWA da COCIN take, a Bukuru kuma akwai kwalejin tauhidi ta TCNN tun 1959. Muna so mu zauna a garin da Kirista mai jin Hausa ba abin kallo ba ne. Mun san an yi rikici a ranar Juma'a 7 ga watan Satumba, 2001, wanda ya ci mutum kusan 1,000, mun kuma san babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, amma kowa ya ce mana ai wannan ya wuce. Muka hau mota daga Kumasi zuwa Akara, muka ƙetare Aflao, muka ratsa Lome da Kwatano, muka shiga Nijeriya ta Seme, muka kwana a Ikko, kashegari muka ɗauki hanyar arewa.

Ranar Lahadin farko ba za ta fita daga ranmu ba. Muna shiga majami'a muka tarar da Zumuntar Mata sun yi anko, suna kaɗa tulu da caki, suna raira waƙa da Hausa tsantsa, jama'a wajen dubu suna amsawa. Uku ɗinmu ba wanda bai share hawaye ba. Bayan an tashi aka ce baƙi su miƙe, muka faɗi daga inda muka fito, sai majami'a ta ɗauki dariya, domin Hausarmu ta Gana ba ta damu da rarrabe namiji da mace ba, muna cewa "uwana ya gaishe ku". Daga ranar aka sa mana suna 'yan Gana, aka kuma shiga rige-rigen kai mu gida cin abinci. A nan muka koyi shan gwaten acca da cin dankalin Turawa safe da yamma, muka koyi sa rigar sanyi biyu, gama garin yana kan tudu mai tsawon mita wajen 1,200, hunturunsa kuwa ba irin na Kumasi ba ne. In kewar gida ta taso sai mu dafa shinkafa da wake da karan dafi irin ta zango, mu buɗe kwalbar shito da matanmu suka haɗo mu da ita, mu kira abokan aji su ɗanɗana.

Da yake mu magidanta ne, ba mu so hayaniyar ɗakunan kwanan ɗalibai ba, sai muka nemi haya a Angwan Rogo, unguwar Hausawa Musulmi da ke daura da jami'a ta wajen hanyar Bauchi. Waɗansu 'yan majami'a sun ja mana kunne, muka ce ai mu 'yan zango ne, a cikin Musulmi muka girma. Mai gidan da muka samu dattijo ne mai shekara sittin da 'yan kai, muna ce masa Baba. Yana jin bakinmu ya ce, "Ku 'yan Kumasi ne?" Ashe da ƙuruciyarsa ya yi fataucin goro a nan, ya san Alabar, ya san Kejetia, yana ma iya gaisuwa da Tonanci. Ya ba mu labarin yadda gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi a ranar 18 ga watan Nuwamba, 1969, aka ba wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Ya ce wata Batona mai sayar da kifi, Kirista, ita ta ɓoye masa kayansa, ta raka matarsa mai ciki har tasha, daga baya ta sayar da kayan ta aika masa da kuɗinsa ba ko kwabo da ya yi ciwon kai. Mu kuma muka ba shi labarin kawunnanmu da aka koro daga Nijeriya a watan Janairu na 1983, zamanin Shagari, cikin 'yan Gana wajen miliyan guda. Ya yi dariya ya ce, "To, 'ya'yana, an yi ɗaya da ɗaya. Kowa baƙo ne a wani wuri."

Baba ne ya fara fahimtar da mu asalin rigimar Jos, daga bisani abokan ajinmu Birom suka ba mu nasu ɓangaren. Haƙar kuza ce ta tara jama'a a garin tun farkon zuwan Turawa, Hausawa da Yarabawa da Ibo da sauransu. Birom da Anaguta da Afizere suna cewa ƙasar ta kakanninsu ce, su ne 'yan ƙasa, saura baƙi ne. Hausawa suna cewa kakanninsu ne suka raya garin, an haifi iyayensu a nan, ba su da wani gida. Takardar shaidar zama ɗan ƙasa kuwa ita ke buɗe ƙofar aikin gwamnati da gurbin makaranta da tallafin karatu, shugaban ƙaramar hukuma ne kuma yake sa mata hannu. Don haka tun da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, kujerar shugabanta ta zama abin da kowane ɓangare yake ganin rayuwar 'ya'yansa ta rataya a kai. Da yake galibin 'yan ƙasa Kirista ne, galibin Hausawa kuma Musulmi, da zarar faɗa ya tashi sai ya sa rigar addini, a bar maganar takarda a koma ƙona masallaci da coci.

Ranar Alhamis 27 ga watan Nuwamba, 2008 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi. Mu ba mu da ƙuri'a, muka yini muna bitar darasi. Da asubar Juma'a muka farka da ihu da ƙarar bindiga, muka leƙa muka ga hayaƙi ya turnuƙe ta ko'ina. Kafin mu gama sa takalma Baba ya shigo ɗakinmu ba sallama, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ku taso, ku bar kome." Ya ratsa da mu tsakar gida ya shigar da mu ɗakin uwargidansa, inda ko ɗan'uwansa na jini ba ya shiga, ya ce mu kwanta bayan gado, Inna ta jera kwallaye da tabarmi ta rufe mu. Wajen hantsi muka ji samari a zaure suna tambayar arnan nan 'yan makaranta. Muna jin muryar Baba sarai. Ya ce, "Baƙina ne, amana ce a hannuna. Wanda yake son su sai ya fara da ni, ga ni." Wani ya ɗaga murya, Baba ya kira shi da sunan ubansa, ya tambaye shi ko ya manta wanda ya yanka ragon sunansa. Aka yi shiru, sa'an nan muka ji takunsu yana nisa.

Yini guda da dare guda muka yi a bayan gadon nan. Da dare babban ɗan Baba ya kawo mana tuwo, ya kawo riguna da huluna uku, ya ce da asuba za a fita da mu cikin masu dawowa daga masallaci, in an tare mu a ce mu yi kalmar shahada, to, mu yi, ai mun iya. Da ya fita muka shiga gardama da raɗa. Ɗayanmu ya ce furtawa da baki ba kome ba ne in zuciya tana wurin Yesu, ai Bitrus ma ya yi musun Ubangiji sau uku aka kuma gafarta masa, ga shi muna da mata da 'ya'ya a Kwadaso. Na biyu ya ce Bitrus ya yi kuka mai zafi a kan abin da ya yi, ba a rubuta labarinsa don mu kwaikwaya ba, kuma yin wasa da kalmar da Baba yake riƙe da ita da gaske cin mutuncin Baba ne. Na ukunmu bai ce uffan ba, jikinsa kawai ke rawa. Ba mu daidaita ba har zakara ya yi cara. Mun karanta Zabura ta 91 da ta 121 da ka, mun roƙi Allah abu guda, kada ya bari a tambaye mu.

Allah ya amsa. Baba ya sa mu a tsakiya, shi a gaba da carbinsa, ɗansa a baya, muka wuce shinge biyu na samarin unguwa, ana gaishe shi ana ba shi hanya, ba wanda ya ce mana kanzil. A ƙarshen unguwa ya tsaya ya ce, "Iyakata ke nan, 'ya'yana. In na ƙara taku goma ni ma sai an ɓoye ni. Ku gaida Kumasi." Muka durƙusa, ya ɗaga mu ya ce ba lokacin wannan ba ne, mu yi sauri.

Yanzu ga abin da ya sa muka daɗe ba mu ba da labarin nan ba. Tsoro ya sa muka manta da hulunan da ke kanmu. Ba mu yi tafiyar minti goma ba sai ga wani shinge a wata mararraba, samari da adduna da gora da galan ɗin fetur, waɗansu da gicciye a wuya. Namu ne, wato Kirista. Suka ga hula, suka ji Hausarmu, suka yi kanmu. Muna ihu muna cewa mu Kirista ne, 'yan Gana ne, ɗalibai ne. Babbansu ya ce in gaskiya ne mu yi Addu'ar Ubangiji. Muka yi, ɗaya da Hausa, ɗaya da Turanci, na ukunmu don ruɗewa da Tonanci ya kama. Suka yi dariya, suka cire mana hulunan suka jefar a kwata, suka ce mu wuce. A gefe kuwa akwai wani saurayi ɗan acaɓa a durƙushe, wanda aka tare kafin mu iso, bai fi shekara ashirin ba. An ce ya yi addu'ar, ya kasa. Ya ɗago ya dube mu. Mu da dattijo ya tsaya a zaure ya ce a fara da shi saboda mu, ba a yi awa ashirin da huɗu ba, ba wanda ya buɗe baki a cikinmu ya ce wannan ɗan'uwanmu ne, ku bar shi. Muka wuce. Mun ji kukansa a bayanmu, ba mu waiwaya ba. Ɗayanmu dai ya sunkuya ya tsinci hula guda daga kwata ya cusa a aljihu.

Kwana biyu aka yi ana wannan ɗauki-ba-daɗi kafin soja su shawo kansa, Gwamna Jonah Jang ya kafa dokar hana fita. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 700 ne suka mutu. Mu muka sami mafaka a harabar wata majami'a tare da ɗaruruwan mutane, muna kwana a kan benci. Ranar Lahadi wani dattijon ikilisiya ya karanta misalin Basamariye mai kirki daga Luka sura 10. Mun koyar da wannan labari ga yara a aji ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kullum kuma muna ɗaukar kanmu a matsayin Basamariyen. Ran nan muka gane inda muke a cikin labarin. Mu ne malaman addinin nan biyu da suka ga mutum kwance suka ratse. Basamariyen kuwa, wanda ake ganin addininsa ba daidai ba ne, yana Angwan Rogo da carbi a hannu. Makonni muka yi ba mu iya yin Addu'ar Ubangiji ba. Da mun kai wurin da ake roƙon gafara sai harshe ya yi nauyi, gama mun ga an mai da addu'ar nan wuƙa, mu kuma mun yi amfani da ita mun tsira mun bar wani.

Daga gida waya ba ta huta ba. Uwayenmu suna kuka suna cewa mu dawo, digiri ba ya ta da matacce. Matanmu sun fi su dauriya, amma muna jin abin da ba su faɗa ba. Muka zauna muka yi lissafi: mun ci bashi, mun sa hannu a takardar alkawarin komawa aiki da shaidar kammalawa, in muka koma hannu wofi da wane ido za mu dubi masu binmu? Muka tsaya. Kwana goma bayan rikicin aka yi Babbar Salla, ranar 8 ga watan Disamba. Kashegari wani jikan Baba ya same mu a bakin ƙofar jami'a da buhu biyu. Littattafanmu ne da tufafinmu da fasfo ɗinmu, da ƙullin soyayyen nama, da ambulan ɗauke da ragowar kuɗin hayarmu na wata bakwai. Saƙon da ya aiko da shi gajere ne, wai kada mu dawo unguwar, ba don ba ya so ba, sai don ba kullum ake jin maganar tsoho ba.

A cikin wannan watan ne aka yi babban zaɓe a nan Gana. Muka kasa kunne a rediyo, zagaye na farko ranar 7 ga Disamba, na biyu ranar 28, har aka kai ga mazaɓar Tain a farkon Janairun 2009, Atta Mills ya ci da ratar ƙuri'a 40,000 da 'yan kai, Akufo-Addo ya karɓi sakamakon. Abokan ajinmu suna ta yaba mana. Mun ji daɗi, amma mun gaya musu gaskiya, cewa mu ma ba mala'iku ba ne. Muna 'yan sakandare aka yi yaƙin Konkomba da Nanumba da Dagomba a 1994, wanda ya faro daga cinikin zabo a kasuwa ya ci dubban rayuka, sai a 1996 aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu a nan Kumasi. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu a Yendi. Ga kuma Bawku, garin iyayen ɗayanmu. Maganar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, ba Jos kaɗai take ci ba.

Muka koma haya a unguwar Kirista, gama garin ya riga ya rabu biyu, kowa da unguwarsa, kowa da kasuwarsa, har ɗan acaɓa yana da iyakar da ba ya ƙetarewa. Shekarar 2010 ta fi kowace muni. Ranar Lahadi 17 ga Janairu faɗa ya sake tashi daga Nasarawa Gwong, bayan kwana biyu aka kashe Musulmi aƙalla 150 a Kuru Karama, aka jefa gawawwaki da yawa a rijiyoyi. Daren 7 ga Maris aka auka wa Dogo Nahawa da ƙauyukan da ke kusa, aka kashe ɗaruruwan Kirista, galibinsu mata da yara. Ranar jajiberin Kirsimeti kuma bama-bamai suka tashi a Angwan Rukuba da Kabong ana cikin cefanen biki. Daga nan shiga majami'a ya zama sai an laluba mutum a ƙofa, mata suka daina zuwa da manyan jakunkuna, aka mai da sujadar dare ta koma rana.

A taron addu'ar ɗalibai magana ta canza. Muka fara jin ana cewa an mari kunci na dama, an mari na hagu, kunci na uku kuwa babu. Wani abokin ajinmu Birom, wanda muke cin abinci a kwano ɗaya da shi, ya rasa 'yar'uwarsa da 'ya'yanta biyu a Dogo Nahawa. Me za mu ce masa, mu baƙi masu fasfo da garin komawa? Ba mu yi masa wa'azi ba. Mun zauna da shi, mun dafa masa abinci, mun kwafe masa darussan da ya rasa. Wata rana da dare muka ba shi labarin Baba da na ɗan acaɓan nan, shi ne mutum na farko da muka gaya wa. Ya daɗe bai yi magana ba, sa'an nan ya ce, "'Yan'uwa, ni ban gafarta ba tukuna, kada in yi wa Allah ƙarya. Abin da nake roƙo yanzu shi ne ya ba ni zuciyar da za ta so ta gafarta." A daren nan muka durƙusa mu huɗu muka yi Addu'ar Ubangiji har ƙarshe. Shi yana da wanda zai gafarta wa, mu muna da abin da za a gafarta mana.

Ba za mu bar masu karatu da zaton cewa Baba shi kaɗai ne ba. Babban Bishop na Katolika a Jos a wancan lokaci, Ignatius Kaigama, ya yi abota ta ƙut da ƙut da marigayi Sarkin Wase Haruna Abdullahi, suna yawo tare suna kashe wuta. A Kaduna akwai Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda dā suka jagoranci samari masu gaba da juna, Wuye har ya rasa hannu a rikicin 1992, daga baya suka haɗu suka kafa cibiyar sulhu. Ranar 23 ga watan Yuni, 2018 kuma, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ya ɓoye mutum fiye da 200, galibinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su, har Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019. Da muka ji labarinsa, muryar da muka ji daga bayan gado ce ta dawo mana.

Mun kammala a 2011 muka dawo gida. Baba ya rasu bayan shekara biyu, ɗansa ne ya buga mana waya, muka tara abin da ya sawwaƙa muka aika na ta'aziyya. Yau muna koyarwa a nan Kwadaso, ajinmu cike da 'ya'yan Tonawa da na Farafara da na 'yan kasuwar albasa da suka zo daga Nijar. Da muka ga Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika na Christ the King a Akara ranar Ista ta 2019, yana cika shekara 100, mun san darajar abin fiye da waɗanda suka ɗauke shi hoton jarida kawai. Amma mun kuma san cewa Jos ma an taɓa yi mata kirari da gidan zaman lafiya. Shi ya sa in muka ji yaro ya kira ɗan'uwansa kafiri, ko wani ya ce wa wani baƙo ya koma garinsu, sai mu ajiye alli mu bar lissafi, a yi wannan magana tukuna. Faɗan da muka gani ba da adda ya fara ba, da irin waɗannan kalmomi ya fara, manya suna ji suna dariya.

Ga iyaye masu shirin tura 'ya'ya waje, ba mu ce kada ku tura ba, gama ilimi ya cancanci tafiya. Amma ku binciki tarihin garin kafin ku biya kuɗin makaranta. Yaro ya kai sunansa ofishin jakadancin Gana da zarar ya sauka, ya ajiye fasfo da takardunsa da ɗan kuɗi a jaka guda da zai iya ɗauka cikin duhu, ya guji taron siyasar ƙasar da ba tasa ba, ya zauna a ɗaki ranar zaɓe da ranar faɗin sakamako. Fiye da duka, ya gaida maƙwabtansa, ya san dattawan unguwarsa ko wane addini suke bi, gama ranar tsiya ba jakada ne zai fara isowa ba, mai gida ne. Ga 'yan'uwanmu Kirista kuma, ku koya wa 'ya'yanku addu'a, amma ku gaya musu ba don su tsira su kaɗai aka ba su ita ba. Mu mun shirya amsar da za mu bayar in Musulmi suka tambaye mu bangaskiyarmu, ba mu shirya abin da za mu ce wa namu ba, a nan ne kuwa muka faɗi.

Hular nan da aka tsinta a kwata tana nan, an wanke ta an rataye a ƙusa a ɗakin ɗayanmu. Kowace shekara ranar 29 ga watan Nuwamba mukan haɗu mu uku a ƙarƙashinta, mu yi wa iyalin Baba addu'a, mu yi wa uwar ɗan acaɓan nan addu'a duk inda take. Allah ya gafarta mana, ya kiyaye 'ya'yanmu da ke karatu a baƙon wuri, ya zaunar da Jos da Bawku da Gana baki ɗaya lafiya, amin.